Daren da Na Ba Ido Abinci a Sabon Gari

Cikin watan Agustan 2025, damina ta yi tsaka, ɗan ƙanwata ya same ni a zaure bayan magariba. Ya durƙusa ya yi mini gaisuwa mai tsawo, irin wadda kana ji ka san akwai magana a bayanta. Da na ce ya faɗi abin da ke tafe da shi, sai ya miƙo mini waya.

"Kawu, don Allah kalli nan."

Wani titi ne da dare, amma haskensa ya fi na rana tsaka. Fitilu ja da kore da shuɗi sun hau gine-gine tun daga ƙasa har inda wuya zai iya ɗagawa, mutane kuwa kamar an fasa gidan tururuwa. Can a saman wani bene ga kan wani dodo ya leƙo, baki buɗe. Ya ce wannan ita ce Kabukico, unguwar shaƙatawa ta birnin Tokiyo. Ya ce ai Japan ta ware wa 'yan Najeriya gari guda mai suna Kisarazu, za a ba da biza ta musamman, kuma akwai wani mutum a Kano da ke karɓar kuɗin fom, guraben sun kusa cika. Abin da yake so in sa baki mahaifiyarsa ta sayar da bijimin da take kiwo.

Ban daɗe ina kallon wayar ba. Fuskarsa na tsaya kallo: hasken wayar ya haske ta, baki a ɗan sake, ido ko ƙiftawa ba ya yi. Na san fuskar nan. Ni na taɓa ɗaukar ta daga ƙauyenmu zuwa Kano shekara 27 kafin wannan daren, kuma mahaifiyarsa ce ta biya kuɗin motar ba tare da ta sani ba.

Na ce ya ajiye wayar ya gyara zama.

Ƙarshen watan Nuwamban 1998 ne, hunturu ya fara busawa, bangon kowane gari ya cika da fastocin zaɓen ƙananan hukumomi da za a yi ranar 5 ga Disamba. An sa bikin ƙanwata kafin azumi, kamar yadda aka saba tura bukukuwa cikin Sha'aban. Ƙauyenmu yana tsakanin Karaye da Rogo, ƙasar fadama, kuma Baba manomin rake ne. A shekarar ya sayar da mazarƙwailarsa da buhunan masara, Inna ta kwashi adashinta, aka haɗa naira dubu goma sha takwas na kayan ɗaki. A lokacin babu takardar kuɗin da ta wuce naira hamsin, don haka dami ne sosai, 'yan hamsin-hamsin da 'yan Murtala. Inna ta ɗinka musu lalita da ƙyallen tsohon zaninta, ta sa mata igiya mai kauri, aka ce in ɗaura a ƙugu ƙarƙashin wando in kai wa Gwaggo a Ɗorayi. Ita za ta shiga kasuwa ta sayo kwalla da samira da fanteka da katifa da labule.

Ni aka zaɓa saboda ni ne ɗan boko, na gama sakandare, kuma na taɓa zuwa Kano sau biyu. Ni ne kuma ɗan fari, don haka Inna ba ta kama sunana. Da zan fita ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki tana kallon wani wuri daban, ta ce, "A gaya wa yaron nan kada ya tsaya ko'ina." Baba ya ce, "Ka ji dai."

Na ji. Na shiga hayis, na zauna a kujerar bakin ƙofa kusa da yaron motar, wani saurayi sa'ana daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu. Muka bi ta Gwarzo. Har rake ya miƙo mini a hanya. Muka sauka a Kabuga ana kiran azahar.

Daga Kabuga zuwa gidan Gwaggo ba wata tafiya ba ce, ko a ƙafa da na isa kafin la'asar. Amma zuwana biyu na baya duk a bayan manya na yi su, daga tasha sai gida, daga gida sai tasha. Abokaina da suka yi cirani kullum labarinsu Bata, Fagge, silima, Sabon Gari, ni kuwa sai gyaɗa kai kamar na sani. Na ce wa raina: ganin Dala ba shiga birni ba ne. Awa biyu kacal, in ba ido abinci, in dawo. Kuɗin suna jikina, wa ya sani?

Na hau bas zuwa Bata. Na ga Gidan Murtala na ƙirga hawansa ta taga har wani dattijo ya yi mini dariya. Na shiga kasuwar Sabon Gari na ɓata sau uku, na tsaya gaban shagon rediyo mai kaset biyu har mai shagon ya tambaye ni ko saya zan yi. Na yi la'asar a masallacin Fagge, na yi magariba, awa biyun nan suka zama shida. Kowane lokaci sai in shafa ƙuguna in ji damin yana nan. Yanzu na gane wannan shafawar ita ce tallar da na yi ta yi wa kaina a kasuwa tun rana. Wanda ya san aikinsa ba fuskar baƙo yake kallo ba, hannunsa yake kallo.

A layin sayen tikiti na silimar Plaza na haɗu da shi. Ya girme ni da kamar shekara goma, fes da shi, shadda mai guga, hula zanna. Ya ji na tambayi kuɗin shiga, sai ya juyo.

"Ɗan'uwa, wannan harshen ai na yammacin Kano ne. Daga ina?"

Na ce wajen Karaye. Ya tafa hannu ya ce Allah mai iko, ai kakarsa 'yar can ce. Ya tambaye ni ta wane ɓangare, na ce hanyar Rogo, ya ce to ai nan ne. Na ambaci Zarewa, ya ce ya sha kwana a Zarewa. Na ambaci dam ɗin Challawa, ya ce kifin wurin ba shi da na biyu. Sai da na yi shekaru kafin na lura cewa duk abin da ya faɗa mini game da ƙasarmu, ni na fara faɗa masa. Shi dai mayar mini da kayana yake yi da fara'a a kai.

Ya biya mini tikiti. Ya sayo tsire da lemo mai sanyi. Fim ɗin Indiya ne, an yi rawa a kan duwatsu, an yi faɗa a kan jirgin ƙasa, 'yan kallo suna faɗin maganar jarumin kafin ya faɗe ta. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan daren ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban ji ba. Da aka tashi, sai ya ce, "Ka zo Kano ka koma ba ka ga Sabon Gari da dare ba? Ai ba ka zo ba. Kallo kawai, ba abin da za ka taɓa."

Mai karatu da bai san Sabon Garin wancan zamanin ba, sai in ɗan yi masa bayani. Turawa ne suka yanka unguwar bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, don baƙin da suka biyo dogo: Yarabawa, Ibo, mutanen Saliyo da na Gana, akawu-akawu da 'yan kasuwa. Tana wajen ganuwa, dokar cikin birni ba ta hau kanta ba, abin da aka hana a can sai ya samu gurbi a nan. A 1998 ba a ƙaddamar da Shari'a ba tukuna, sai a 2000, Hukumar Hisba kuma sai a 2003. Da rana unguwa ce ta masu neman halak, masu kayan gyaran mota, masu magani, coci-coci, makarantu, iyalai da 'ya'yansu. Da dare wasu layukan nata sai su sauya riga.

Ni da na taso da fitilar ƙwai da aci-balbal, sai ga ni a layin da kowace ƙofa ke da ƙwan lantarki mai launi, janareto na ruri, kiɗa na fita ta ko'ina kuma ba wanda ya dace da wani: na Yarabawa a nan, na Kwango a can, goge da kalangu daga wani gida mai labulen tsakiya. Ƙamshin gasasshen kifi da farfesu ya gauraye da warin kwata. Mata ba ɗankwali suna dariya da ƙarfi. Abin da ya fi ba ni mamaki ba su ba ne, manyan riguna ne da huluna irin namu a kan bencina, kwalabe a gabansu, kowa ya ɗan karkatar da fuska daga haske.

Ya yi mini tayin giya, na ce a'uzubillahi. Ya yi dariya ya ce gwada ni yake yi, shi ma ba ya sha. Wata ta kama hannun rigata, na fizge. Ya ce, "Kai, gaskiya an yi maka tarbiyya." Nan ne fa aka kama ni, ba a wajen karta ba. Na tsallake giya, na tsallake mata, sai na ji a raina na fi ƙarfin wurin. Na fara tafiya ina buɗa kafaɗa, ina kallon mutanen kan benci da tausayi.

A wani lungu muka ga taro an yi da'ira. Kwali ne aka kifa, fitila a gefe, wani siriri ya tsuguna yana juya karta uku, biyu baƙi ɗaya ja.

"Ja ci, baƙi faɗuwa. Idonka alƙalinka. Ba dole, ba tilas."

Wani dattijo mai kama da manomi, har da faso a ƙafa, ya ajiye hamsin ya ci ɗari. Wani ya faɗi, aka yi masa dariya, domin kowa ya ga inda jar take sai shi. Ni ma na gani. Sau biyar ina nuna ta a zuciyata, sau biyar ina daidai. Abokin nawa ya sa ya ci. Ya raɗa mini, "Duba da kyau, kusurwar jar ta ɗan lanƙwashe, shi bai lura ba." Na duba, haka ne kuwa.

Da kuɗin motata na fara. Na ci. Na sake, na ci. Ina riƙe da naira ɗari biyu da ban yi wa gumi ba, sai rediyon nan mai kaset biyu ya faɗo mini a rai. Na ce in na ninka dubu biyu kawai, zan kai wa Gwaggo kuɗinta cif, in koma gida da rediyo, har in ƙara wa amarya bargo. Ka ji yadda Shaiɗan ke shigowa da rigar zumunci. Na zaga bayan wani bango kamar mai fitsari, na kwance lalitar Inna.

Na sa dubu biyu a kan karta mai lanƙwasa. Aka buɗe, baƙa ce.

Sauran ba shi da daɗin faɗa, kuma ba shi da tsawo. Wanda ya faɗi dubu biyun da ba nasa ba, ba riba yake nema kuma ba, ramin yake son cikewa. Na sa huɗu don in dawo da biyu. Na sa shida. Dattijon nan mai faso yana cewa, "Yaro, kada ka tashi a kan faɗuwa, yanzu za ta juyo." Noman shekara guda da adashin Inna ba su kai tsawon sallar isha a kan kwalin nan ba. Da damin ƙarshe ya tafi, wani ya yi ihu daga bakin lungu, "'Yan sanda!" Fitila ta mutu. Kafin idona ya saba da duhu, ba mai karta, ba dattijo, ba jikan 'yar Karaye. Kwalin kawai suka bari. Duk da'irar nan 'yan kore ne, ni kaɗai ne ɗan kallo, kuma ashe ni ne kallon.

Na zauna a bakin kwata ina kuka kamar yaron goye. Wata mata Ibo da ke kwashe kayan suyarta ta zo ta tsaya a kaina. Ba ta tambaye ni komai ba, da alama ta ga irina da yawa. Ta ba ni ruwa a kofi na wanke fuska, ta danƙa mini Murtala ɗaya, ta nuna mini hanyar Fagge, ta ce da Hausarta mai karye-karye, "Aboki, tafi gida." A duk daren nan ita kaɗai ce ta ba ni abu ba ƙugiya a ciki.

Da labarin ya tsaya nan, da na daɗe da ba da shi a majalisa ana dariya. Wauta ce ta ƙuruciya, baƙo ko da ido makaho ne. Abin da ya sa na yi shekara 21 ban ba kowa shi ba, shi ne abin da na yi da asuba, ido biyu, ba kiɗa, ba fitila mai launi, ba wanda ya raɗa mini komai.

Na kwana a barandar masallaci. Bayan salla na je wajen mai tebur na sayi reza. Na koma bayan wani kango, na yanke igiyar lalitar, na tsaga gefen wandona daidai ƙugu, tsaga mai kyau irin ta 'yan sane. Na jefa lalitar a kwata. Sannan na nufi Ɗorayi ina shirya fuska.

Na ce wa Gwaggo barci ya ɗauke ni a mota bayan Gwarzo, da na sauka a Kabuga na shafa na ji wayam, tsoro ya hana ni zuwa, na kwana ina yawon nema. Ta sa salati, ta rungume ni tana cewa, "Ɗan nan, da ranka ai da sauƙi." Har kunu ta dama mini.

Ban ambaci sunan kowa ba. Shekaru na yi ina fakewa da wannan. Amma da aka koma gida aka tambaye ni wa ke zaune kusa da ni, na ce yaron motar, na yi shiru. Shirun nan ya fi kowace shaida. Aka kai magana gaban dagaci. Yaron ya yi alwala ya rantse da Alƙur'ani, ina zaune ina kallon ƙasa. Ba a kama shi da komai ba, amma direban ya sallame shi, domin ba fasinjan da zai yarda ya zauna kusa da shi. Yara suka sa masa suna ɓarawon lalita. Kafin Babbar Salla ya bar garin ya yi kudu.

Bikin ba a ɗaga ba. Inna ta sayar da awakinta uku, ta sauke tsofaffin tasoshinta na aure, aka dirje su da toka aka jera wa ƙanwata. Ina tsakar gida ranar jere na ji wata daga dangin ango tana cewa, "Wannan ɗakin amarya ne ko na kakar amarya?" Baba bai taɓa ce mini komai ba, sai ma ya riƙa ba ni haƙuri, wai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ya ci bashin taki a daminar da ta biyo. Ya rasu a 2011 yana ganin ɗansa wanda aka zalunta ne.

Bayan zuwan ɗan ƙanwata na zauna na karanta abin da na samu a intanet game da Kabukico, don in san abin da ya ɗauke masa hankali. Tana cikin gundumar Shinjuku, gab da tashar jirgin ƙasan da ta fi kowace cunkoso a duniya, inda mutum fiye da miliyan uku ke ratsawa a yini. Bama-baman 1945 sun share wurin, da aka zo sake gini aka yi niyyar kafa gidan wasan gargajiyar Japan da ake kira kabuki. Ba a gina shi ba, sunan dai ya zauna. Dodon da na gani Godzilla ne na fina-finansu, an ɗora kansa a saman benen silima a 2015. Akwai gidajen abinci, da na waƙa, da wani ɗan lungu mai ƙananan mashaya wajen ɗari biyu, kuma dubban baƙi suna zuwa su yi hoto su koma masauki lafiya. Amma a titunan nan masu haske akwai lasifikoki da ke gargaɗin mutane kada su bi masu tare hanya suna tayin wuri mai araha, domin akan kai baƙo ciki a kawo masa lissafin da ya ninka abin da aka faɗa masa sau goma, a tsare ƙofa sai ya biya. Cikin masu tare hanyar har da 'yan Afirka ta Yamma, har da 'yan Najeriya. Da na karanta wannan sai na yi dariyar da ba ta da daɗi. Wato ko yaron nan ya isa can, mai yiwuwa wanda zai fara tare shi ya ce masa, "Ɗan'uwa, daga ina?"

Ba na cikin masu zagin Sabon Gari. Unguwar ta sha wuyar da ta fi tawa: bam ɗin tashar New Road a watan Maris na 2013, wasu bama-baman a watan Yulin shekarar, gobarar kasuwa a 2016. Yawancin silimun da muka sani sun rufe. Kuma wanda ya cuce ni da Hausa ya yi mini magana, da hula irin tawa a kansa. Abin da ke damuna yanzu shi ne kwalin nan ba ya buƙatar lungu kuma. Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano a 2024, amma cacar tana cikin waya, wayar tana aljihun ɗalibaina a Karaye. Ni sai da na yi tafiyar awa biyu kafin na kai kaina. Su a kan tabarmar uwarsu ake juya musu karta uku.

A 2019 Allah ya nufe ni da kujerar Hajji. Ana gobe-jibi tafiya, na shiga zagayen neman gafara kamar kowane maniyyaci, gida-gida, "A yafe mini," "Mun yafe, Allah ya yafe mana." Da na zo ƙofar ɗakin Inna sai bakina ya ƙi faɗin ta a dunƙule. Na zauna a dokin ƙofa na ba ta labarin tun daga Kabuga har reza. Ta daɗe tana tsince wake a faifai. Sannan ta ce, ba ta dube ni ba, "Allah ya kyauta. A je wajen ɗan mutane."

Ƙanwata kuwa dariya ta fara yi, sannan dariyar ta juye. Ta ce, "Yaya, kwanukan ai sun daɗe da yin tsatsa. Gorin ne bai yi ba." Ta yafe, amma sai da ta yi wata biyu ba ta ɗauki wayata ba, har ina Makka.

Yaron motar nan kuwa ya dawo daga kudu da daɗewa, yana su a dam ɗin Challawa, wanda aka gama a 1992 ya mayar da manoma da yawa na yankinmu masunta. Na same shi da hantsi a bakin ruwa, ya baje koma a kan gwiwa yana ɗinke inda ta yage. Furfura ta fito masa fiye da ni. Na tsuguna na faɗi abin da ya kawo ni. Hannunsa bai tsaya da ɗinkin ba.

"Malam," ya ce, "ni na san ban ɗauka ba. Allah ya san ban ɗauka ba. Kai ma tun ranar ka sani. To wa ka zo ba labari? Waɗanda ba su sani ba suna can cikin gari."

Na gane. Ranar Juma'a bayan an sallame, na miƙe a masallacin ƙauyensu, ni malamin makaranta, maniyyaci, mai 'ya'ya shida, na faɗa da bakina cewa ni na ci kuɗin a caca, ni na yanke lalitar, wane bai taɓa ko sisi ba. Ƙafafuna suna rawa. Abin da ya fi ciwo shi ne rabin masallacin ba su san zancen ba, ba a haife su ba. Waɗanda suka sa masa sunan, da dagacin, da direban, yawancinsu suna maƙabarta.

Da aka fito ya ba ni hannu. Ya ce, "Abin da yake nawa na yafe. Amma tsohona ya mutu ana ce masa uban ɓarawo. Wannan ba ni da ikon yafe shi, sai kun haɗu." Na kawo kuɗi a ambulan, ya ce in mayar aljihu.

Labarin nan nawa duk na zayyana wa ɗan ƙanwata a zauren nan har aka kira isha. Bai san ko ɗaya ba, mahaifiyarsa ba ta taɓa faɗa masa ba. Na ce masa ni ba zan hana shi ganin duniya ba. In ya samu karatu ko aiki ta hanyar da ke da ofis da adireshi, ni zan raka shi filin jirgi, kuma in ya je ya yi mini hoton dodon nan. Amma bijimin uwarsa ba zai tafi hannun mutumin da ya ce guraben sun kusa cika ba. Na riga na ci kayan ɗakinta sau ɗaya.

Bai ji daɗi ba. Ya ce zamani ya canja, Kawu. Ba a yi kwana nawa ba gwamnatin Japan ta fito ta ce babu wata biza ta musamman, shirin na musayar al'adu ne kawai tsakanin garuruwanta huɗu da ƙasashen Afirka huɗu, wanda aka sanar a wani taro a Yokohama. Cikin Satumba hukumar JICA ta Japan ta janye shirin gaba ɗaya. Lambar mutumin Kano ta daina shiga. Abokan ɗan ƙanwata biyu sun riga sun biya.

Asabar ɗin da ta biyo na ɗauke shi a babur muka je bakin dam sayen kifi. Na nuna masa masuncin nan daga nesa, na ce ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya kuma yi. Tun da na dawo daga Makka a wajensa nake sayen kifi, kusan kowane mako. Yana amsa gaisuwata, yana tambayar iyali. Farashin kowa yake sayar mini. Bai taɓa yi mini gyara ba, bai kuma taɓa karɓar ƙarin ko naira ɗaya ba.